Kafur ɗin da Appa bai kunna ba

Madurai, bayan bikin girbi na Pongal.

Zuwa ga ƙanena Ilango,

Goggonmu Attai Ponni tana tsaye a kaina yanzu haka tana cewa in fara da gaisuwa kamar 'yar mutane, wai kada in afka maka da magana kamar mai karɓar haraji. To, ga gaisuwa. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kayal da 'yarmu Nila. Ubangiji ya tsare ku daga sanyin Toronto, ya sa albarka a aikinka, ya raya Nila, ya ba ta ilimi mai amfani. Mu nan muna lafiya gwargwado. Mijina Sivanesan yana nan da hawan jininsa da jaridarsa. Attai kuwa gwiwa ta hana ta komai sai faɗa da zuwa haikalin Minakshi, inda take kai sunanka duk Juma'a. An yi Pongal lafiya, tukunya ta tafasa ta zubo ta gabas, Attai ta ce alamar alheri ce. Ta kuma ce kada in kuskura in sa maganar ɗan'uwanta, mahaifinmu Appa, a takardar nan. Na ce mata to. Ta tafi kicin.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Dalili shi ne, a waya kana ce mini "to Akka, to Akka," wato to Yaya, ni kuma ina jin yatsunka suna tafiya a kan kwamfuta. Takarda kuwa sai ka zauna. Na ga saƙon da ka turo ranar da bidiyon Appa ya bazu, fuskokin nan masu dariya har da hawaye, da cewa ashe tsoho ya waye a ƙarshe. Na ji kuma ka nuna wa abokan aikinka, sun ce mahaifinka ya fi 'yan jarida iya yanke hukunci. Ban amsa maka ba a lokacin. Wannan ce amsar.

Ka san abin da jarumin fim Sengodan, wanda suke kira Gwarzo, yake a gidanmu. Hotonsa ya riga na mahaifiyarmu hawa bango, kuma ko bayan rasuwarta nasa ne ya fi samun sabon fure. A shagon ɗinkin Appa aka kafa ƙungiyar masoyansa ta unguwarmu tun ba a haife ka ba, da hannunsa ya ɗinka tutarsu ta farko. Ka kuma san aikin da ba mai taɓa masa: duk ranar da sabon fim ya fito, a nunin farko, shi ne ke tsayawa gaban allo da farantin tagulla, da zarar fuskar Gwarzo ta bayyana sai ya ƙyasta ashana ya kunna kafur, ya zagaya wutar a gaban fuskar kamar yadda ake yi a haikali, sannan a fasa kwakwa, sannan jama'a su haukace. Kai ka sha ganin haka daga saman kafaɗarsa. Ni tun ina 'yar sakandare na daina zuwa. Har takarda na taɓa karantawa a taron jami'a kan mutanen da ke shayar da hoton katako madara alhali 'ya'yansu na shan shayi baƙi. An tafa mini. Appa ya ji labari, ya ce ai ilimi ma wani irin fim ne, sai dai ba waƙa a ciki.

Bana Attai ce ta matsa in raka shi. Ta ce kwanan baya ta tsinci almakashinsa a cikin tukunyar shinkafa, wata rana kuma ya fita sayen madara ya dawo da kifi. Na ce tsufa ne, ni ma ina neman tabarau alhali yana kan hancina. Na dai bi shi don a zauna lafiya.

Gidan silimar Pon Malar yana nan yadda ka bar shi, sai dai an ƙara fanka an rage kujeru masu lafiya. A ƙofa an kafa hoton Gwarzo na katako, ya fi ginin kansa tsawo, yana riƙe da sandar ƙarfe, an rataya masa furanni da za su ishi bikin aure goma. Samari sun hau gorar da aka tokare shi da ita suna tsiyaya masa madara a ka, tana gangarowa ta hanci tana ɗiga kan na ƙasa, su kuma suna buɗe baki. Ganguna, wasan wuta, hayaƙi, 'yan sanda suna kallo da sanduna a hammata. Wani ya aske kansa ya bar sunan fim ɗin da gashi a ƙeya. Tun ba a buɗe ƙofa ba wani saurayi ya riga ya gaya wa masu ɗaukar bidiyo cewa fim ɗin ya wuce duk abin da aka taɓa yi a duniya. Suka ce ai bai gani ba tukuna. Ya ce ita uwarsa sai da ya gan ta ya san tana da kirki?

Da Appa ya sauko daga adaidaita cikin farin zanensa da farar riga, hanya ta buɗe da kanta. Muttupandi, ɗan mai shayin nan da Appa ke saya wa tikiti yana yaro, shi ne shugaban ƙungiya yanzu, ya yi tumbi ya yi zobba a kowane yatsa. Ya durƙusa ya taɓa ƙafar Appa, ya ɗago ya ce mini yau Malamar jami'a ta zo makarantar gaskiya, a ba ta benci na gaba. Na ce masa na zo duba jarrabawa ne. Ya yi dariya, ya miƙa wa Appa farantin da hannu biyu.

Aka kashe fitilu. Appa ya je ya tsaya gaban allo, ya ba mu baya, ɗan ƙarami a ƙarƙashin wannan haske. Ka san yadda suke jan rai. Aka nuna takalmi yana taka ƙura, ɗaki ya ɗauki fito. Aka nuna hannu yana juya sanda, aka fara watsa yankakkun takardu sama. Aka nuna ƙeya. Sannan ya juyo. Ilango, ban san me suka yi wa fuskar mutumin nan ba. Ya haura saba'in, sun bi fuskarsa da kwamfuta sun goge ta sul kamar dafaffen ƙwai, ba tsoho ba, ba yaro ba, ba kowa ba. Ɗakin ya tsage da ihu. Mai kwakwa ya ɗaga hannu yana jiran wuta. Wuta ba ta zo ba. Appa yana tsaye da ashana a hannu, kansa a ɗage, yana kallon allon kamar mai jiran mota a tasha. Gwarzo ya watsar da mutum ashirin, ya gyara wuyan riga, waƙa ta tashi, 'yan rawa suka cika allo, Appa bai motsa ba. Ihun ya fara raguwa daga gaba zuwa baya. Wani daga sama ya ce tsoho, kunna mana, ko ashanar ma sai an yi mata waƙa? Sai Appa ya juyo ya dubi Muttupandi, ya tambaye shi da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda kunnensa ya yi nauyi, wai yaushe Gwarzo zai shigo.

Wani yaro ya fizge ashanar ya kunna, aka fasa kwakwa bayan waƙa ta yi nisa, abin da suke ɗauka mugun fata ne ga fim. Na je na kamo hannun Appa na zaunar da shi. Ya zauna har ƙarshe, farantin a cinyarsa. Fim ɗin kansa ba sai na ɓata tawada ba. An kashe ƙanwar Gwarzo, ya rama. Yarinyar da yake so sa'ar jikarsa ce, aikinta ta yi dariya a gonar furanni.

A ƙofar fita 'yan bidiyo sun yi layi da abin magana kamar masu tare ɗan siyasa, kowa na tambaya yaya fim. Wani ya ce wuta ne, wuta, a kira 'yan kwana-kwana. Wani ya ce rabin farko wuta, rabin ƙarshe tabarma da matashi, ya waiga ya ga masu tuta, ya ce amma barcin ma mai daɗi ne. Wata mata ta ce ita dai sanyin fanka ta biya wa kuɗi kuma ta samu. Sai suka hango farin gashi da farantin tagulla. Kafin in janye shi sun kewaye mu. Abin da ya ce ka ji shi, duniya ma ta ji: bai zo ba, na jira shi, wani suka turo.

Zan gaya maka abin da bidiyon bai nuna ba. Ni ma a lokacin abin da ka ɗauka na ɗauka. Na riƙe hannunsa muna ratsa jama'a, ina jin wani alfahari da ban taɓa ji ba, ina cewa a raina shekara arba'in ina jiran mutumin nan ya buɗe ido. Muka shiga adaidaita. Muna kan gadar kogin Vaigai ya taɓa gwiwata ya ce mu yi sauri, mahaifiyarku ta ce za ta yi miyar kifi, ba ta son abinci ya huce. Na dube shi. Fuskarsa a sake take, ba wasa a ciki. Na ce to, Appa. Mai adaidaita ya ce a gaishe da Mama, miyar kifi ba ta jira.

Kafin yamma bidiyon ya zagaye jihar nan. Masoyan abokin hamayyar Gwarzo suka sa wa maganar kiɗa, suka buga ta a riguna. Wani mai sharhin fina-finai ya yi rabin awa yana bayani cewa tsohon tela daga Madurai ya faɗi a jimla ɗaya abin da masana suka kasa faɗa. A ɗakin malamai aka miƙe aka tafa mini, shugaban sashenmu ya ce ashe gado na yi. Na karɓi tafin, na sha kofi. Su kuma 'yan ƙungiya suka ce an saye shi. Wasu suka ce 'yarsa mai digiri ce ta kitsa masa. Aka jefi ƙofar shagon da kashin shanu. Mai madara, wanda ɗansa ke cikin ƙungiya, ya daina tsayawa a gidan. Appa bai san ana yi ba. Ya tambayi Attai me ya sa yara suka daina gaishe shi a layi, ta ce jarrabawa ce ta dame su.

Na kai shi wurin likitar ƙwaƙwalwa da sunan za a duba masa kunne. Ta ce ya zana agogo, ya zana da'ira mai kyau, hannun tela, sai ya tara lambobin duka a gefe ɗaya kamar tumaki a inuwa. Ta tambaye shi shekarar da muke ciki, ya ba ta shekarar da aka haife ka. Ta ce mini abin ya daɗe da farawa, ba ya warkewa, magani sai dai ya rage masa gudu. Ta ce fuskoki ne za su riƙa tafiya, na baya-bayan nan su fara, na da can su daɗe. Da na gaya wa Attai sai ta rufe tagogi tukuna ta yi kuka. Ta ce kada kowa ya ji. Wai a garin nan gara a ce da namiji maci amana da a ce ya zare, domin maci amana ana jin haushinsa, wanda ya zare kuwa yara ke bi da dutse. Ta ce kuma Nila za ta yi aure wata rana, masu bincike kuma har kakan kaka suke tonowa.

Sai ga Muttupandi ya aiko. Sharaɗinsu shi ne Appa ya zo ranar Lahadi gaban hoton katako, ya kunna kafur a gaban kyamara, ya ce shaiɗan ne ya ruɗe shi. In ba haka ba za su goge sunansa daga allon ƙungiya, kuma ranar da ta Allah ta kasance babu tuta, babu ganga, babu mai ɗaukar makara daga cikinsu. Kai ka san abin da wannan yake nufi gare shi. Sau nawa yana ce maka ka je duk ƙasar da kake so, shi yana da 'ya'ya ɗari da za su ɗauke shi?

Na je ofishinsu da kaina, ɗakin nan na saman shagon gyaran babur. Muttupandi yana zaune ƙarƙashin hotuna, yaransa a tsaye. Ya ce Malama ta zo ba da lacca ne ko karɓar sakamako. Na ce a sallami yaran. Da suka fita na gaya masa komai, har agogon, har miyar kifin. Na saɓa wa Attai, na sani, amma na ga mutumin nan a kafaɗar Appa ya fara kallon fim kafin kai. Sai ya kifa kai a tebur ya yi kuka, kukan gaske, har zobbansa na ƙwanƙwasa katako. Ya ce Appa ne ya ɗinka masa rigar makaranta kyauta shekara da shekaru. Ya ce shi ya san Appa ba zai ci amana ba, zuciyarsa ta gaya masa. Na fara tattara jakata ina ganin an gama.

Ya share ido, ya ce to Akka, abin ma ya zo da sauƙi. In tsaya gaban kyamara in faɗi abin da na faɗa masa, in riƙe takardar likita a gani, a kawo Appa a zaunar a gefe, a tambaye shi shekara a ji amsarsa. Shi ke nan duniya ta san fim ba shi da laifi, kan tsoho ne ya taɓu. Ya ce mako na biyu ne, tikiti ya fara ja baya, hedkwata tana kiransa safe da yamma. Ya ce har fure za su rataya wa Appa. Na tambaye shi ko ya san abin da masu sa kiɗa za su yi da tsoho yana faɗin shekarar da ba ita ba. Ya ce wannan kwana biyu ne a manta, amma sunan Gwarzo na har abada ne. Ba da mugunta ya faɗa ba, Ilango, abin da ya fi tsaya mini ke nan. Na ce masa a'a. Ya ce in yi tunani. Na ce tunani ne sana'ata. Ina saukowa daga bene na ga har sun sayo fenti.

Sun goge sunan. Na wuce na gani, farin fenti a saman allo, ana iya karanta haruffan a ƙarƙashi in rana ta haska. Ban sani ba ko daidai na yi. Da Appa na da ne, ina jin da kansa zai zaɓi a yi masa dariya a bar masa tutarsa. Amma wancan Appan ba ya nan da za a tambaye shi, ni ce a nan, ni kuma ba zan iya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kana da wani ra'ayi, ka zo ka faɗa mini a fuska.

Yanzu kullum da safe yana wanka, ya ɗaura farin zane, ya goge farantin tagulla da toka, ya ɗora kafur da ashana, ya zauna a baranda. A wurinsa ranar fim ba ta zo ba tukuna. Attai tana ce masa an ɗaga zuwa gobe, ya ce ai gara su gyara shi da kyau. Jiya na je da yamma na kai masa magani. Ya miƙe tsaye da ya gan ni, ya haɗa hannu ya gaishe ni, ya ce Malama ta shigo ta zauna, ya kira Attai ta kawo wa baƙuwa kofi. Na zauna na sha. Ya tambaye ni ko daga gidan silima aka aiko ni. Na ce e. Ya ce to yana da roƙo ɗaya: a ajiye masa kujera biyu, ta bakin hanya, domin yana da yaro, Ilango, ba ya ganin allo sai an ɗaga shi, kuma yana tsoron wasan wuta amma ba ya yarda a sani. Ya ce yaron yana da ƙwaƙwalwa, zai yi nisa. Na tambaye shi ko yaron shi kaɗai ne. Ya yi tunani, ya ce akwai wata yarinya, amma ita ba ta son fim.

Ba ina gaya maka don ka ji tausayina ba. Ni na sami rabona, ina ganinsa kullum, kuma baƙuwa ma ana ba ta kofi mai kyau a gidan nan. Ina gaya maka ne domin kai kana nan a kansa, da sunanka da tsoronka, kuma likita ta ce ba ta san har yaushe ba. Na san aiki, na san kuɗin jirgi, na san makarantar Nila, na san ka ce sai hutun bazara. Zumunta a ƙafa take, ƙanena. Kada ka turo kuɗi, ba abin da za mu saya. Kada ka kira ta bidiyo, ya gaji da fuskokin da ke cikin allo. Ka zo da kanka ka tsaya a gabansa. Ba na yi maka alkawarin zai gane ka, ka yi furfura ka yi tumbi, shi kuma ɗan yaro yake jira. Amma muryarka ba ta canja sosai ba. Sannan ka sani, 'ya'ya ɗarin nan sun tafi, makara kuma ba ta ɗaukar kanta.

Ka gaishe mini da Kayal, ka ce na gode da rigar sanyi, ko da yake a Madurai sai dai in rufe tukunyar wainar idli da ita. Ka sumbaci Nila, ka ce goggonta, Attai Tamarai, tana ajiye mata awarwaro. Ka gaishe da surukinka Arumugam da iyalinsa in kun haɗu. Sivanesan yana gaisuwa. Attai Ponni tana gaisuwa, ta ce in gaya maka kowa lafiya.

Da na gama kofin jiya na tashi, Appa ya rako ni har bakin ƙofa kamar yadda yake raka masu kawo ɗinki. Ya ce in sauka lafiya, in kula da matakala ta biyu, ta karye. Ya ce kada in manta, kujera biyu. Na ce ba zan manta ba. Ya rufe ƙofa a hankali, na ji ya sa sakata, na gangara na tari adaidaita.

Yayarka,
Tamarai